Tsutsar zangarniyar hatsi: danginta da yadda take rayuwa

Idan kuka shiga gonar hatsi a ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba, wani lokaci za ku ga zangarniya da wani zane a jikinta, kamar an naɗe ta da igiya an warware. Zanen yana bin zangarniyar zagaye bayan zagaye. Idan kuka taɓa wurin, ƙaiƙayi ne zai zubo muku a hannu, babu tsaba. Idan kuka buɗa da yatsa, za ku tarar da mai aikin a kwance: wata tsutsa ce da ba ta wuce rabin yatsa ba. A garuruwa da yawa ana kiranta murzuna. Manoman hatsi na jahohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tilaberi sun san ɓarnarta sarai.

Amma ku tambayi manomi: wace ce uwar wannan tsutsa, kuma a ina take yin rani? Da wuya ku sami wanda zai ce ya taɓa ganin uwar ya gane ta. Akan ji wasu suna cewa ruwan sama ne yake zubo da tsutsar, wasu kuma su ce iska ce take kawo ta daga nesa. Ba haka ba ne. Uwarta wata ƙaramar faɗa-wuta ce, irin malam-buɗe-littafin nan na dare da yake zagaya fitila. Kuma ba baƙuwa ba ce. A ƙarƙashin ƙasar gonarku ta yi kaka, ta yi dari, ta yi bazara, tana jiran ruwan da ku ma kuke jira.

Sunanta a wurin masana

Mutum yana da ƙasa, yana da jaha, yana da gari, yana da zuri'a da gida, sannan yana da sunansa na yanka. Haka masana ilimin halittu suke jera dabbobi da ƙwari, daga babban taro zuwa ƙarami, har a zo kan iri guda. Kowane iri yana da suna mai kalma biyu a harshen Latin. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan yanka. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Line ne ya kafa wannan tsari ga dabbobi a shekarar 1758, kuma da shi ake aiki har yau. Amfaninsa a fili yake. Manomin Senegal yana da sunan da yake kiran wannan tsutsa da harshensa, na Mali da nasa, na Sudan da nasa. In ba don suna guda da kowa ya yarda da shi ba, da malaman gona na waɗannan ƙasashe ba za su san cewa abu ɗaya suke faɗa da shi ba.

Sunan tamu shi ne Heliocheilus albipunctella. Kada tsawonsa ya ba ku tsoro. Ku karanta shi gaɓa-gaɓa kamar yadda kuka saba a aji: he-li-yo-kai-lus, al-bi-punk-te-la. Kalma ta biyu ma'anarta «mai ɗige-ɗige farare», saboda fararen ɗigon da suke kan fukafukanta.

Babban taron da take ciki shi ne na ƙwari. Ƙwaro a wurin masana shi ne duk halittar da take da ƙafa shida, jikinta kuma ya kasu uku: kai, ƙirji da ciki. Fara ƙwaro ce, haka ƙuda da zuma da tururuwa. Gizo-gizo da kunama ba sa ciki, domin ƙafarsu takwas.

A cikin ƙwari akwai wani taro da ake kira Lepidoptera, wato masu fukafukai masu ɓawo. Duk wanda ya taɓa kama malam-buɗe-littafi ya san garin nan da yake saura a yatsa. Ba ƙura ba ce. Ƙananan ɓawo ne da aka jera kamar na jikin kifi, kuma su ne suke ba fiffike launinsa. An san iri kimanin dubu 160 a wannan taro. Abin mamaki, malam-buɗe-littafi na rana, wanda muka fi gani kuma yara suke bi da gudu, bai kai iri dubu 20 ba. Sauran duka faɗa-wuta ne, mafi yawansu masu yawon dare. Ga yadda za ku rarrabe su. Na rana idan ya sauka yakan haɗe fukafukansa a tsaye, ya buɗe ya rufe kamar littafi, kuma gashin nan biyu na kansa suna da ɗan kulki a ƙarshe. Na dare kuwa yakan kwantar da fukafukansa bisa bayansa kamar jinka, jikinsa ya fi kauri da gashi, gashin kansa babu kulki.

Cikin faɗa-wuta akwai zuri'a mai girma da ake kira Noctuidae, mai iri fiye da dubu 11. An samo sunan daga kalmar Latin mai nufin mujiya. Da yawa daga cikin tsutsotsin da suke hana manomi barci a duniya ƴaƴan wannan zuri'a ne. A cikinta kuma akwai reshe mai suna Heliothinae, mai iri kimanin 400, waɗanda tsutsotsinsu suka fi son fure da ƴaƴan tsiro fiye da ganye. Tsutsar da take huda tumatir da ƙwallon auduga, Helicoverpa armigera, ƴar wannan reshe ce. Sai dai ita ba ta da zaɓi, kusan duk abin da ta samu ci take yi. Ƴan gidan Heliocheilus kuwa sun tsaya ga kan ciyayi da danginsu. Tamu ta zaɓi hatsi.

Wani limamin Kirista ɗan Faransa mai sha'awar nazarin ƙwari, Joseph de Joannis, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1925. A lokacin ya sa ta a wani gida da ake kira Raghuva. A 1987 wani masani mai suna Matthews ya sake duba dangin nan na Afirka, ya ga cewa gidanta na gaskiya shi ne Heliocheilus, aka mayar da ita can. Saboda haka idan kuka ga Raghuva albipunctella a wata tsohuwar takardar ma'aikatar noma, ku sani ita ce dai. Gida aka sake mata, sunan yanka bai canza ba.

Kada a haɗa ta da wasu

Akwai tsutsar da take shiga cikin karan hatsi ta ci bargonsa, har tsakiyar shibka ta bushe ko karan ya karye. Wannan Coniesta ignefusalis ce, zuri'arta dabam, kuma a cikin busasshen kara take yin rani, ba a ƙasa ba. Akwai kuma tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016. Ita ganye da zuciyar shibka take ci. Wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne. Kwashe kara daga gona da amfani da shi kafin damana yana rage tsutsar kara, amma ba ya taɓa tsutsar zangarniya ko kaɗan, tunda ita tana can cikin ƙasa.

Kamannin uwar

Ƙarama ce. Idan ta buɗe fukafukanta, faɗinsu kimanin santimita 2 da rabi ne. Fukafukan gaba launin ƙasa ne mai ɗan ja, da jerin fararen ɗigo. Na baya sun fi haske. Da rana takan laɓe a cikin ciyawa ko ƙarƙashin ganye, launinta ya saje da wurin, shi ya sa kuke wuce ta ba ku gani ba. Sai rana ta faɗi take tashi.

Namijin yana da wani abu da macen ba ta da shi. A gefen fiffikensa na gaba akwai wani ɗan wuri mai kumburi, marar gari, wanda haske yake ratsawa kamar taga. Da dare yakan tashi yana shawagi a wuri guda kusa da hatsi, yana kaɗa fukafukan suna fitar da wata ƴar ƙara, da ita yake kiran mace. Yawancin faɗa-wuta da ƙamshi suke neman juna, mace ta saki ƙamshi namiji ya biyo. Wannan kuwa har da kiɗa yake zuwa zance.

Uwar ba ta cin hatsi. Ba ta da haƙoran da za ta ci shi. Rayuwarta bayan ta fito daga ƙasa ba ta cika wuce mako guda ba, kuma aikinta ɗaya ne: ta sadu da namiji, ta zuba ƙwai, ta mutu.

Shekara guda a rayuwarta

A nan ne ya kamata ku dakata ku karanta a hankali, domin duk dabarar yaƙi da ita daga nan take fitowa.

Kamar kowane malam-buɗe-littafi, rayuwarta hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, mai-barci, sannan uwa mai fukafukai. Wasu ƙwari suna zagaya wannan hanya sau uku ko huɗu a damana ɗaya. Ita sau ɗaya tak take yi a shekara.

Mu fara daga ruwan shibka. Ruwan nan na farko mai ƙarfi, wanda yake jiƙa ƙasa har ku fita da iri da sungumi, shi ne kuma yake ratsawa ya tayar da mai-barci a inda take kwance. Ba nan take take fitowa ba. Sai bayan kimanin wata guda jikinta yake gama sakewa, ta fasa ɓawonta, ta huda ƙasa ta fito da fukafukai. Ba rana ɗaya suke fitowa duka ba, fitowar takan ɗauki makonni, kuma a ƙasarmu ta fi yawa a cikin watan Agusta. To, ku lissafa da kanku. Hatsin da aka shibka da wannan ruwa, a daidai wannan lokaci ne yake yin ciki ya fara fitar da kai. Ruwa ɗaya ne ya tayar da su biyun, shi ya sa suke haɗuwa.

Macen tana neman zangarniyar da ta fito sabuwa, wadda ba ta gama bununi ba. Wadda ta riga ta yi tsaba ba ta dame ta ba. Takan zuba ƙwanta ƙungiya-ƙungiya a tsakanin furanni, mafi yawa wajen ƙolin zangarniya. Mace guda tana iya zuba ƙwai har kusan 400, tana rarraba su a kan zangarniya da yawa. Ƙwan ƙanana ne kamar ƙwayar rairayi, farare da fari, sannan su yi duhu idan sun kusa ƙyanƙyashewa. Mai ido da haƙuri yana iya ganinsu idan ya buɗa ƙolin zangarniya da safe.

Bayan kwana 3 zuwa 5 sai su ƙyanƙyashe. Jaririyar tsutsar siririya ce kamar zare. Takan fara da cin cikin furen, ta bar ɓawon a tsaye, don haka a wannan lokaci ba za ku ga alamar komai daga nesa ba. Tana ci tana girma, tana saɓa kamar maciji sau da yawa. Idan ta yi ƙarfi sai ta nutsa zuwa gindin furanni, kusa da sandar tsakiyar zangarniya. Kowace ƙwayar hatsi tana tsaye ne bisa wani ɗan siririn ƙashi da yake kawo mata abinci daga uwar shibka. Waɗannan ƙasusuwa tsutsar take yankewa ɗaya bayan ɗaya tana yin gaba, tana zagaya sandar. Abin da ta yanke sai ya bushe ya turo waje, ya zama rufi a kanta. Wannan shi ne zanen da kuke gani. Hanya ce ta haƙa wa kanta, tana ci a ciki, tana ɓuya daga rana da tsuntsaye. Ku lura da wannan: abin da take lalatawa ya fi abin da take ci yawa, domin duk ƙwayar da aka yanke wa ƙashi ta tashi daga aiki ko da tsutsar ba ta taɓa ta ba. Idan tsutsa uku ko huɗu suka haɗu a zangarniya guda, hanyoyinsu sukan haɗe, ba abin da zai saura sai sanda.

Wannan ci yana ɗaukar kimanin wata guda. Cikakkiyar tsutsa takan kai santimita 2 zuwa 2 da rabi. Launinta yakan kasance kore-kore ko rawaya-rawaya da ratsi a tsawon jiki, idan ta ƙosa kuma sai ta yi ja-ja. Jan nan alama ce ta cewa ta gama. Daga nan sai ta bar zangarniyar ta sauko ƙasa, ta haƙa ta shige, zurfin santimita 5 zuwa 15, a jigawa mai laushi har fiye da haka. A can take sake kama, ta zama wani ɗan abu mai santsi, ja-ja, mai kama da ƙaramin ƙwallon dabino. Ba baki, ba ƙafa, ba ci, ba sha. Wannan ce muka kira mai-barci.

Haka za ta zauna wata 10 ko 11. Ku yi girbi a kanta, ku ɗaure damma, dabbobi su shiga su ci karmami, hunturu ya zo ya wuce, zafin bazara ya gasa ƙasa, tana nan. Da yawa sukan mutu saboda zafi da bushewa, wasu tururuwa su cinye su. Waɗanda suka tsira su ne iyayen ɓarnar baɗi.

Ashe ke nan, a cikin wata goma sha biyu, wata guda kawai wannan halitta take yi a gaban idonmu. Kuma ranar da zanen ya bayyana sosai a zangarniya, yawancin ɓarnar an riga an yi ta.

Yaushe ta zama annoba?

Ana samunta a faɗin Sahel, daga Muritaniya da Senegal, ta Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Nijeriya da Cadi, har zuwa Sudan. Wato duk inda hatsi yake shi ne abinci a wannan yanki. Ta daɗe a nan, amma kafin shekarun 1970 ba a lissafa ta cikin manyan maƙiyan hatsi ba. Bayan babban farin 1972 zuwa 1974 ne ta yi yawa har ta tayar da hankalin hukumomin noma. Masana suna danganta wannan da sauyin da farin ya kawo: ƙwarin da suke cinta sun ragu, manoma kuma sun ƙara komawa ga irin hatsi mai saurin nuna domin gudun ɗaukewar ruwa, shi kuwa a daidai lokacin tashin uwar yake fitar da kai. Maiwa, wadda take jinkirin fitar da kai har sai damana ta yi nisa, takan tsira, domin kafin ta fito iyayen sun mutu.

Asarar ba ɗaya ba ce kowace shekara. Wata shekara kaɗan ce, wata kuwa a gonakin da abin ya yi tsanani an auna asarar kashi 40 har zuwa 85 cikin ɗari. Gonar da ta saba ba da dame ɗari ta ba da ashirin, kun san abin da wannan yake nufi ga rumbu idan watan Yuni ya zo.

Maƙiyanta

Ba ita kaɗai ce a gona ba. Tsuntsaye suna tsince ta, tururuwa suna kama ta idan ta sauko ƙasa, gizo-gizo da wasu ƙananan ƙwari suna cin ƙwanta. Akwai ma wani ƙwaro da ido bai cika ganinsa ba, Trichogrammatoidea armigera, wanda yake zuba nasa ƙwan a cikin ƙwanta, ƙwan ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba.

Amma babban maƙiyinta wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro ne mai suna Habrobracon hebetor. Kun san yadda zanzaro yake yi: ya harbi tsutsa ta sandare, ya kai ta ɗakinsa na laka, ya zuba ƙwai ya rufe, ɗansa ya tashi ya ci. Wannan ma haka yake yi, sai dai ba ya gina ɗaki. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen takan bi hanyar tsutsar a cikin zangarniya, ta harbe ta. Daga wannan lokaci tsutsar ta daina ci ke nan. Sai ta zuba ƙwai a jikinta, ƴaƴan su fito su tsotse ta, cikin kwana 10 ko kusa da haka su zama manya su tashi neman wata. Ba ya harbin mutum, ba ya harbin dabba, ba ya cin hatsi.

To me ya sa bai gama da ita tuntuni ba? Dalilin yana cikin lissafin da muka yi a sama. Ita tana da inda take ɓuya wata goma, shi ba shi da shi. Da rani ba ya samun tsutsar da zai ciyar da ƴaƴansa a daji, sai yawansa ya ragu ƙwarai. Idan damana ta zo, kafin ya hayayyafa ya yi yawa, tsutsa ta ci ta ƙoshi ta kusa sauka. Yana zuwa, amma a makare.

Wannan makara ce masu bincike suka nemi gyarawa. Tun daga 2006, a ƙarƙashin wani shiri mai suna GIMEM wanda ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso, cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN a Maraɗi, tare da ma'aikatar kare tsirrai, daga baya kuma da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, sun yi ta kiwon wannan ɗan zanzaro a ɗaki suna sakinsa a gonaki da wuri. Ana kiwonsa ne da tsutsar wata faɗa-wutar dabam, Corcyra cephalonica, irin wadda take shiga shinkafa da gari a ajiya ta haɗe su da saƙa. Wato da maƙiyin rumbu ake ciyar da mai gadin gona.

Dabarar ba ta da wuya. Ana ɗinka ɗan buhun garara kamar tafin hannu. A zuba ɗan hatsi da gari, a sa tsutsar Corcyra 25 da matan zanzaro 2 da suka riga suka sadu da maza, a ɗaure. Bayan kamar kwana 8 ƴaƴa suna fara fitowa ta ramukan buhun, su ci gaba har mako biyu ko uku. Buhu guda yakan ba da kimanin 60 zuwa 70. Gari guda buhu 15 ake ba shi: 3 a tsakiya, 3 a gabas, 3 a yamma, 3 a kudu, 3 a arewa. Ana rataye su a cikin rumbun kara, inda za su iya fita ta tsakanin karan, ko a reshen itace inda ruwa ba zai jiƙa su ba. Daga nan suna bazuwa su hayayyafa a gonaki har nisan kilomita 3 zuwa 5. A garuruwan da aka auna, yawancin tsutsotsi sun mutu, hatsin da aka samu kuma ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku bisa na garuruwan da ba a saki ba.

Abu biyu ne ya kamata ku riƙe game da wannan. Na farko, ɗan zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya saya shi kaɗai ya yi wa maƙwabtansa aiki, wanda ya ƙi sa hannu kuma ya ci arziƙin wasu. Saboda haka magana ce ta gari duka, ta mai gari da ƙungiyar manoma da ta mata, a haɗa kuɗi a saya tare. Na biyu, tunda rani yana rage shi, sai an sake saki kowace damana. Kuma a nema da wuri. Kiwonsa yana ɗaukar makonni, lokacin rataya buhu kuwa shi ne sa'ad da hatsi ya fara fitar da kai. Garin da ya jira sai ya ga zane sannan ya aika wa malamin gona, ya maimaita makarar da ake son gyarawa.

Sauran dabaru, da iyakarsu

Maganin feshi ba ya cika biyan bukata a nan. Hatsi ya fi mutum tsawo, mai feshi a fuskarsa maganin yake dawowa. Tsutsar tana ƙarƙashin rufinta, maganin ba ya isa gare ta sosai. Ɗan zanzaro kuwa da yake yawo a fili shi ne yake fara mutuwa. In an saki buhu a gari, kada a yi feshi a gonakin hatsi.

Huɗa mai zurfi bayan girbi tana tono masu-barci ta bar su ga rana da tsuntsaye. Wannan gaskiya ne, amma hauya ba ta kai wannan zurfi, kuma jigawar da aka tona aka bari tsirara iskar rani takan kwashe ta. A ganina wannan shawara ta fi dacewa da ƙasa mai nauyi da mai shanun huɗa. Haka ma jinkirta shibka da mako biyu: yana iya sa hatsi ya fitar da kai bayan iyayen sun ragu, amma a ƙasar da ruwa yake iya ɗaukewa a tsakiyar Satumba, ba zan ce wa mai iyali ya bar ruwan shibka ya wuce shi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutanen gari su yi shibka lokaci guda, domin gonar da ta riga kowa fitar da kai ita ce iyayen suke taruwa a kanta. Wajen zaɓen iri kuma, ku lura da zangarniyar da ƙwayoyinta suka matsu ƙam, domin tsutsa tana shan wuyar ratsa ta fiye da sakakkiya.

Ku gani da idonku

Kada ku tsaya ga abin da kuka karanta. A watan Agusta, ku ajiye fitila bisa kwano mai ruwa da ɗan sabulu a bakin gona da dare. Da safe ku duba abin da ya faɗa, ku nemi mai fararen ɗigo. Idan kuka fara ganinta da yawa, ku duba ƙolin sababbin zangarniya ku nemi ƙwai, ku sanar da malamin gona.

A Satumba kuma ku ɗauki tsutsa biyu ko uku da suka yi ja, ku sa su a gwangwani mai rairayi, ku rufe da ƙyalle, ku kawo ajinku. Bayan mako biyu ku zazzage rairayin a hankali, za ku ga abin da suka zama. Da rani, ku je gonar da aka yi ɓarna bara, ku auna taki ɗaya tsawo da taki ɗaya faɗi, ku tona zurfin tafin hannu biyu, ku tankaɗe ƙasar da rariya. Ku ƙirga masu-barcin da kuka samu, ku rubuta adadin da sunan gonar da ranar a littafinku. Ku yi haka a gona uku ko huɗu, ku kai takardar taron gari kafin ruwa ya sauka.